Kati, folda da kwamfuta: ina lokacin mara lafiya ke tafiya a asibitocinmu?

Duk wanda ya taɓa kai mara lafiya babban asibiti a Katsina ko Daura ya san ganin likita shi ne ƙaramin aiki a cikin wunin. Ka fara da layin kati, daga nan layin biyan kuɗi, ka dawo da rasit a nemo folda, a tura ka wajen nas ta auna jini da zafin jiki, sannan ka zauna kan benci kana jiran a kira suna. Likita ya gan ka cikin 'yan mintoci ya rubuta gwaji, sai ka sake komawa layin biya, ka je ɗakin gwaji, a ce ka dawo da azahar ko gobe, in ka dawo wataƙila wanda ya duba ka ya tashi, wanda ya karɓe shi kuma sai ka fara mashi bayani tun daga farko. Magani ma haka, layi ɗaya na a yi maka lissafi, ɗaya na biya, ɗaya na karɓa. Mutumin da ya baro Baure ko Mashi tun asuba sai ka gan shi yana neman motar komawa bayan la'asar, kuma in ka tattara lokacin da wani ma'aikacin lafiya ya saurare shi da gaske bai taka kara ya karya ba.

Yanzu maganar da ake ta yi ita ce a maida bayanan marasa lafiya cikin kwamfuta. Gwamnatin tarayya ma a 2024 ta ƙaddamar da shiri na musamman kan haka ƙarƙashin ma'aikatar lafiya da Farfesa Muhammad Ali Pate ke jagoranta. Ni ina goyon bayan abin ɗari bisa ɗari, amma akwai wani fahimta da nake ji a bakin mutane wanda ke bani tsoro, wai da an sawo kwamfutoci an jera a tebura shi kenan layi ya ƙare. Ba haka abin yake ba. In tsarin aiki a cukurkuɗe yake, kwamfuta ba ta warware shi, ɗauka take ta adana shi yadda yake, wani lokaci ma ta ƙara mashi layi ɗaya, layin jiran sabis.

To bari mu fara da mene ne ma abin. A tsarin takarda tarihin ciwonka yana cikin folda ɗaya, foldar tana ɗaki ɗaya, a asibiti ɗaya, kuma mutum ɗaya ne zai iya riƙe ta a lokaci guda. In tana ɗakin tiyata to ba ta wajen likitan suga. In wani ya ajiye ta a kantar da ba tata ba, ko gara ta ci, ko ruwan damina ya zubo ta silin, shi kenan sai a buɗe maka sabuwa, ka koma kamar yau aka haife ka. A tsarin kwamfuta kuwa lamba ɗaya gare ka, duk wanda ya duba ka ya rubuta a ƙarƙashin wannan lambar, nas ta sa awon jininka likita ya gani nan take, likita ya rubuta gwaji ya faɗa ɗakin gwaji ba tare da ka ɗauki takarda ba, sakamako ya fito ya dawo mashi kan allo. Mai bada magani ya huta da karanta rubutun likita da wani sa'in sai an haɗu mutum biyu ana hasashe, kuma manhaja mai kyau tana iya yin gargaɗi in an rubuta ma mutum maganin da jikinshi ba ya ɗauka, ko an haɗa magunguna biyu da ba sa jituwa, ko an ba yaro adadin da ya fi nauyinshi.

Waɗanda suka fi kowa cin moriyar wannan su ne masu ciwon da ba ya warkewa a zuwa ɗaya. Mai hawan jini, mai ciwon suga, yaro mai sikila, mace mai ciki da ke zuwa awo, mai tarin fuka da ke shan magani wata shida. Su tarihi shi ne rabin maganinsu. Likita yana son ya san jinin nan hawa yake ko sauka a watannin baya, sau nawa aka yi ma yaron nan ƙarin jini, haihuwar baya an yi aiki ne ko da kanta ta haihu, ta taɓa jijjiga ko zubar jini. In babu wannan sai a koma tambayar mai jinya, shi kuma ya ce wallahi wani farin magani ne ƙanana aka ba shi. Daga nan sai a sake gwajin da aka riga aka yi makon jiya a wani asibitin, kuma kuɗin daga aljihun talaka zai fita, domin a Najeriya mafi yawan kuɗin da ake kashewa kan lafiya mutane ne ke biya da kansu kai tsaye. Ka ɗauki wanda aka turo daga asibitin mazaɓa a Zango zuwa Daura, daga Daura zuwa asibitin koyarwa na tarayya a Katsina, daga nan wataƙila asibitin Malam Aminu Kano a Kano, kowane zango sabon kati, sabon gwaji, sabon hoto, abin da ke biye da shi kawai 'yar takarda ce mai layi uku da ta nannaɗe a aljihu.

Akwai kuma ɓangaren kuɗi da kaya, wanda shi ne ma ke sa shugabannin asibiti son abin. In kowane gwaji da kowace ƙwaya sai an shigar kafin a bayar, to zai yi wuya kuɗi su bi ta bayan gida, kuma sito zai san abin da ya rage da wanda ya kusa lalacewa, ba sai an wayi gari an ce maganin zazzaɓi ya ƙare ana tsakiyar Agusta ba, alhali kwalaye suna can wani gari suna jiran ranar da za a zubar da su. Inshora ma haka. Dokar hukumar inshorar lafiya ta ƙasa da Buhari ya sa ma hannu a 2022 ta wajabta inshora kan kowa, nan jihar Katsina muna da hukumar taimakekeniyar lafiya wato KTSCHMA, ga kuma asusun kula da lafiya a matakin farko wato BHCPF da dokar lafiya ta 2014 ta ware ma aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya. Duk waɗannan ba sa tafiya sai da lissafi, wa aka duba, me aka yi mashi, nawa za a biya asibiti. In da biro ake wannan lissafin to biya zai yi jinkiri, in biya ya yi jinkiri kuma asibiti ya fara kallon mai katin inshora a kaikaice, a ce mashi maganin babu je ka saya a waje.

Amma fa inda gizo ke saƙar shi ne ƙananan asibitoci. Jihar nan ƙananan hukumomi 34 gare ta da mazaɓu 361, kuma yawancin mutanenmu a asibitin mazaɓa suke fara zuwa. Shiga ɗaya daga ciki ka dubi teburin mai kula da wurin. Rijistar masu zuwa kullum, rijistar awo, ta haihuwa, ta rigakafi, ta tazarar haihuwa, ta yara masu tamowa, ga fom ɗin rahoton wata, ga na cututtukan da ake sa ma ido, ga kuma wanda wata ƙungiya mai bada tallafi ta kawo ta ce lallai sai an cika nata daban. Ƙarshen wata sai ma'aikaciya ta zauna ta ƙirga layi-layi ta cika fom, a kai ƙaramar hukuma, can wani jami'i ya shigar cikin DHIS2, wato manhajar da jami'ar Oslo ta Norway ta ƙirƙira wadda Najeriya ta ɗauka domin tattara alƙaluman lafiya na ƙasa. Mutane da yawa suna ɗauka ai wannan shi ne bayanan mara lafiya na kwamfuta, alhali yadda ake amfani da shi a wannan rahoton jimilla ce kawai ke tafiya sama, yara nawa aka yi ma allura, mata nawa suka haihu. Yana ma Abuja amfani, amma ba zai gaya ma nas cewa matar da ke gabanta ta yi ɓari sau biyu ba.

To yanzu a ce an kawo ma wannan ma'aikaciyar tabulet an ce ta riƙa shigar da kowa, amma ba a ɗauke mata ko rijista ɗaya ba, domin mai sa ido in ya zo rijista zai nema. Me aka yi? An ninka mata aiki. Za ta rubuta a takarda da rana, da yamma ta kwafe cikin na'ura in akwai caji, bayan wata uku ta gaji, tabulet ta koma durowa ko ta zama ta kallon bidiyo. Wannan rubutu sau biyu shi ne ya fi kashe irin waɗannan shirye-shirye, ba wai rashin ilimin ma'aikata ba kamar yadda ake yawan ɗora masu. Matar da ke tura kuɗi ta waya tana sana'a a WhatsApp ba za a ce ta kasa danna allo ba, abin da ta kasa shi ne yin aikin mutum uku.

Kuma kada a ɗauka mu kaɗai ne za mu iya yin tuntuɓe. Ingila ta fara wani gagarumin shiri a 2002 na haɗa bayanan asibitocinta a tsari ɗaya daga sama, a 2011 gwamnati ta sanar da rusa shi, an ƙiyasta kuɗin da ya ci kusan fam biliyan 10, kuma babban abin da aka zarga shi ne an tsara shi a ofis da manyan 'yan kwangila ba tare da an zauna da likitoci da nas-nas ɗin da za su yi aiki da shi ba. Amurka ita ta zuba biliyoyin daloli ta dokar 2009 asibitoci suka koma kwamfuta, abin ya yaɗu ƙwarai, amma wani bincike da aka wallafa a 2016 ya nuna duk awa ɗaya da likita ya yi da marasa lafiya yana yin kusan awa biyu kan allo da aikin tebur, wasu kuma suna ɗora laifin kan cewa manhajojin an fi gina su domin cajin kamfanonin inshora. Estoniya ake yawan kawowa a matsayin wadda ta yi nasara, ta fara rumbun bayanan lafiya na ƙasa a 2008, rubuta magani ta intanet a 2010, sai dai su mutum kusan miliyan 1.3 ne kuma kowa na da katin shaida tun kafin a fara. Katsina kuwa tun ƙidayar 2006 mun kai miliyan 5.8. Ko su ɗin ma ba manhaja ɗaya suka tilasta ma kowa ba, ƙa'ida suka kafa yadda manhajoji daban-daban za su riƙa musayar bayani.

Shi ya sa ni a ganina aikin farko ba na injiniya ba ne, na shugaban asibiti ne da biro da farar takarda. Ya bi mara lafiya ɗaya tun daga ƙofa har fita, ya rubuta duk inda aka tsayar da shi, sannan a kowace tsayawa ya tambaya don me. Don me za a biya sau uku? Ana iya sa mutum ya zuba kuɗi sau ɗaya a kan lambarshi a riƙa cira, abin da ya rage a maida mashi ko ya jira zuwa na gaba. Don me mai hawan jinin da jininshi ya daidaita zai zo duk wata ya bi layin likita domin a sake rubuta mashi maganin da yake sha shekara biyar, alhali ana iya ba shi na wata uku, ko nas ta auna shi ta sallame shi in komai lafiya? Don me za a ce ma kowa ya zo ƙarfe bakwai na safe, mutum ɗari biyu a lokaci guda, maimakon a raba masu dawowa wasu safe wasu hantsi wasu bayan azahar? Don me sayen kwan fitila zai bi ta tebur biyar? Yawancin waɗannan ba sa buƙatar ko sisi, sa hannu kawai suke buƙata da kuma jure ɓacin ran wanda teburinshi zai rage muhimmanci, kuma wannan na biyun shi ne mai wuyar, domin kowane layi da kake gani akwai wanda yake ma amfani. In an gama wannan yankan sannan a kawo kwamfuta ta ɗauki abin da ya rage.

Sai matsalar da na ga ba a cika magana a kanta ba, wato wa ye wa. Tsarin gaba ɗaya ya dogara ne kan mutum ɗaya lamba ɗaya. To a garin nan Aisha Abubakar nawa ne? Musa Ibrahim nawa? Yau mace ta bada sunan mahaifi, gobe ta bada na miji, wani ya rubuta Muhammad wani Mohammed wani Mamman, ranar haihuwa kuwa rabin dattawanmu 1 ga Janairu aka rubuta masu. Lambar waya ta maigida ce, mata biyu da yara goma duk ita suke badawa. In ba a yi hankali ba mutum ɗaya zai samu lamba huɗu, ko kuma wanda ya fi muni a haɗe mutum biyu a lamba ɗaya, a ba wannan jinin da ya dace da waccan. Za a ce a yi amfani da NIN, kuma ya kamata a yi ga wanda ke da ita, amma jarirai fa, da mutanen ƙauye da ba su yi ba, da 'yan uwanmu na Nijar da ke shigowa ta Jibiya da Kongolam neman magani? Ba za ka kori mai naƙuda don ba ta da NIN ba. Shirin masu cutar ƙanjamau a ƙasar nan ya daɗe yana amfani da manhaja har da ɗaukar zanen yatsa domin kada a ƙirga mutum sau biyu, ke nan ba daga sifili za a fara ba, akwai ma'aikata a jihar nan da suka san daɗi da wuyar abin, ya kamata a tambaye su.

Wuta da sabis kowa ya san labarin, ba sai na ja ba. Abu ɗaya kawai zan tuna mana, a Satumbar 2021 an rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar nan saboda 'yan bindiga, aka yi watanni a haka. Duk manhajar da ba ta aiki sai da intanet, a wannan lokacin da ta zama kwalliya a daidai wuraren da aka fi buƙatar asibiti. Don haka dole ta zama irin wadda ke aiki a cikin asibitin ko babu sabis, in ya dawo ta tura abin da ta tara, da sola da batir nata na kanta ba jiran KEDCO ba, da kuma rubutaccen tsari na abin da za a yi ranar da komai ya tsaya, domin ranar za ta zo.

Sirri kuwa ni shi ya fi damuna. Folda a kanta mutum ɗaya zai iya leƙawa, rumbun kwamfuta kuwa wanda ya samu shiga yana iya ganin na dubbai yana zaune. Garuruwanmu kowa ya san kowa, mai shigar da bayanai wataƙila maƙwabcinka ne ko ƙanin wanda ke neman 'yarka, ga shi yanzu gwajin kafin aure ya zama ruwan dare. Sakamakon gwajin ƙanjamau ɗaya, ko na ciki, ko bayanin cewa mutum ya ga likitan ƙwaƙwalwa, in ya fita a hoton waya ya isa ya kashe aure ko ya hana shi. Doka akwai, dokar lafiya ta 2014 ta hana bayyana bayanan mara lafiya ba da izini ba, dokar kare bayanai ta 2023 ma ta sa bayanan lafiya cikin masu buƙatar kariya ta musamman. Amma doka ba ta hana ma'aikata biyar su riƙa shiga da lambar sirri ɗaya da aka manna a jikin allo. Abin da ke aiki shi ne kowa da tashi hanyar shiga, mai karɓar kuɗi ya ga kuɗi kawai kada ya ga ciwo, manhaja ta riƙa rubuta wa ya buɗe fayil ɗin wa da ƙarfe nawa, kuma a samu wanda aikinshi ne ya duba wannan ya hukunta. Ga kuma 'yan kutse, a Mayun 2017 harin WannaCry ya tsayar da asibitoci da dama a Ingila har aka soke dubban alƙawuran ganin likita, don haka ajiye kwafi a wani wuri daban ba ƙawa ba ce.

Daga nan sai kwangila. Kamfani zai zo ya nuna manhaja mai sheƙi, a yi bikin ƙaddamarwa, a yanka kyalle. Tambayoyin da ya kamata a yi kafin sa hannu ba su da sheƙi ko kaɗan. Bayanan na wa ne, na gwamnati ko na kamfani? In mun rabu za mu iya kwashe su a sigar da wata manhajar za ta karanta? Tana bin ƙa'idar musayar bayanai irin FHIR da duniya ta fi amfani da ita yanzu, yadda asibitin jiha da na tarayya da na kuɗi za su ji yaren juna? Nawa ne kuɗin kula da ita duk shekara, kuma yana cikin kasafi ko sai an roƙi masu tallafi? Akwai manhajoji na kyauta irin OpenMRS da aka fara a 2004 domin asibitocin masu ƙanjamau a Kenya, ƙasashe da dama na Afirka suna amfani da ita, sai dai kyautar a lasisi ta tsaya, sai ka biya masu kula da ita. Kuma muna da yaran da za su iya, jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua da ta tarayya a Dutsin-Ma da Hassan Usman Katsina Poly duk shekara suna yaye masu karatun kwamfuta, ya fi a ce firinta ta tsaya a Kankiya sai an jira wani ya taso daga Legas.

Ma'aikatan ɗakin kati ma kada a manta da su, domin in suka ji abin ya zo ne ya raba su da abincinsu to ba zai yi rai ba, kuma gaskiya su suka fi kowa sanin yadda ake bambance Aisha da Aisha. Su ya kamata a fara horarwa. Tsofaffin foldoji kuma ba sai an ɗauki hoton dukkansu ba, wannan ɓarnar kuɗi ce, mafi yawansu masu su ba za su sake dawowa da wannan ciwon ba. A fara da masu zuwa a kai a kai, 'yan asibitin suga da hawan jini da sikila da masu awo, duk wanda ya zo ranar asibitinshi a ciro foldarshi a taƙaita abin da ke ciki a shafi ɗaya a shigar, ciwo, magunguna, rukunin jini, abin da jikinshi ba ya ɗauka, aikin da aka taɓa yi mashi, sannan a buga hatimi a bayan foldar a maida ta sito.